"Sorry" ba "sannu" ba ce

Shekara bakwai ke nan ina koyar da Turanci a ajin yamma na manya, kuma duk sabon zubin ɗalibai a kan kalma guda muke fara rigima: "sorry". Ko ɗan firamare ya san ta, amma ita ta taɓa cinye mini rabin albashi har na wata biyu.

Daga gida matsalar ta taso. Mu muna da "sannu", muna da "yi haƙuri", muna da "na tuba". Mutum ya yi tuntuɓe ka ce masa sannu, ba zai taɓa zaton kai ka ajiye dutsen ba. Da muka zo Turanci sai muka kwashe ukun nan muka zuba a buhu ɗaya. Tsakaninmu 'yan Najeriya babu damuwa, Yarbawa da Ibo ma haka suke yi, kowa ya gane. Amma a kunnen mutumin Ingila ko Amurka, idan abu ya lalace a gabanka ka ce "sorry" ita kaɗai, abin da ya fara ji shi ne: ni na aikata.

Lokacin da ta cinye mini albashin nan, ina kula da sito ne a wani kamfanin gine-gine. Wani injiniya Bature ya shigo karɓar na'urar awon ƙasa, irin wadda ake ɗorawa a kan ƙafa ukun nan. Yana ɗaga akwatin, murfi ya buɗe, na'urar ta faɗo, gilashinta ya tsage. Wanda ya dawo da ita da yamma ne bai danna maƙullin ba, ni ko taɓa ta ban yi ba. Na zabura ina ta "sorry sir, sorry, sorry". Ya ɗago ya dube ni, bai ce uffan ba. Bayan kwana biyu sai ga takarda, wai mai kula da sito ya amsa laifinsa nan take. Na je ofis ina rantse-rantse cewa jaje nake yi masa. Aka ce, to in ba kai ba ne, me ya sa ka ba da haƙuri har sau uku?

Na daɗe ina ganin Baturen mugu ne, sai daga baya na gane nauyin kalmar a wajensu. Sai da Ingila ta sa a dokarta ta 2006 cewa ba da haƙuri shi kaɗai ba ya nufin amsa laifin sakaci, lardin Ontariyo na Kanada ma ya yi tasa dokar a 2009. A Ostireliya, Firaminista John Howard ya yi kusan shekara goma yana ƙin furta ta ga 'yan asalin ƙasar da aka raba da 'ya'yansu, sai ranar 13 ga Fabrairu 2008 Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya faɗa. Kalmar da shugaban gwamnati yake gudu, kai kana rabon ta kamar goron ɗaurin aure!

Ga abin da nake yi tun daga ranar. Kafin ta fita daga bakina sai in tambayi kaina da Hausa: sannu zan ce, ko na tuba? In sannu ce, ina barin "sorry" gaba ɗaya. Wanda ya faɗi, "Are you all right?" Wanda abu ya ɓace masa, "Oh no, that's terrible." Wasu malaman za su ce "I'm sorry to hear that" ta wadatar, kuma daidai ne, amma ni a wurin aiki, musamman a rubuce, ba na yarda kalmar ta kusanci kayan da ya fashe.

Kuskure na biyu shi ne wanda yake ƙona mini rai, domin a wurin ta'aziyya ake tafka shi. Mutum yana so ya ce "ina tausaya maka", sai ya rubuta "I am sorry for you". Haba malam! Wannan ai kallon ƙasƙanci ne. Idan Bature yana faɗa ya ce "I feel sorry for you", kusan kaico yake yi maka, kamar yadda muke ce wa mutum Allah ya shirye ka alhali ba addu'a muke nufi ba. Wani ɗalibina ya aika wa malaminsa na jami'a wannan saƙon bayan rasuwar matar malamin, sannan ya zo yana mamakin amsar da ya samu mai sanyi. Abin da ake cewa shi ne "I am sorry for your loss". Jajen a kan rashin yake, ba a kan mutumin ba. Ku haddace shi kamar karatun allo, kada ku yi masa kwaskwarima, ba wurin nuna gwaninta ba ne.

Sauran ƙanana ne. In ka ji "Sorry?" da murya ta hau sama, "me ka ce?" ake nufi, maimaita maganarka kawai. "Excuse me" kafin ka ratsa mutane, "sorry" bayan ka taka ƙafar wani. Mai shago ya ce "Sorry, we're closed", ba nadama yake ba, a'a ce cikin ladabi, kada ka tsaya roƙo. "I'm sorry if you were offended" kuwa ba tuba ba ce, dabara ce ta 'yan siyasa. Masu rubuta "Am sorry" a WhatsApp, ku mayar da "I" ɗin da kuka jefar.

Sai atishawa, wadda Bature ke amsawa da "bless you". A ajina duk wanda ya ce mini "sorry sir" don na yi atishawa, naira hamsin zai jefa a gwangwani. Da kuɗin muke sayen alli, kuma lokacin hunturu ba ma rasa alli.