Masu shirin kwana bakin ruwa kan tsauni, ga shawara

Salamu alaikum jama'a. Na ga matasanmu na nan Sakkwato sun fara maganar zuwa tsaunin Mambila da gandun dajin Gashaka-Gumti a Taraba a kafa tanti a kwana, to dan Allah ku ji.

Kada ku kafa tanti daf da ruwa don dai hoto ya yi kyau. Da dare sanyi gangarowa yake daga kan dutse ya taru a kwari, da asuba kuma raɓa ta jiƙe komai har bargo, ga sauro, ga dabbobi da ke zuwa shan ruwa. Ku ɗan haura sama inda ƙasa ta bushe, ku shimfiɗa leda kafin tabarma, kuma ku ɗaga kai ku duba kada busasshen reshe na bisanku.

Mu da munka saba da zafin Afrilu raina sanyi mukai, amma tsayin Mambila ya kai kusan mita 1,600, rigar sanyi da safa dole ne. Kuma komai sanyi kada wanda ya shiga da gawayi cikin tanti ya rufe, gubar da ke cikin hayaƙin nan ba ta wari, mutum na barci sai dai labari.

Ruwan tafki a tafasa kafin a sha, wanka ciki kuma a haƙura saboda tsargiya. Abinci a rufe shi da kyau, birai ba su da kunya wallahi.

Sabis na ɗaukewa can, ku faɗa ma gida inda kunka nufa, ku nemi ɗan jagora, ku tambayi lafiyar hanya, ban da tafiyar dare.