Yadda muke lallaɓa jijiyar da aka dasa wa Baba

An yi wa mahaifinmu aikin zuciya irin wanda ake kira baifas. An ciro jijiya daga ƙafarsa ta hagu, aka ɗinka ta a jikin zuciya don jini ya kewaye inda ya toshe. Ni na yi jinyarsa har muka dawo gida Mabera, a Sakkwato. 'Yan dubiya ɗinkin ƙirji kawai suke tambaya, alhali raunin da ya fi ba ni aiki ido ba ya ganinsa.

A cikin kowace jijiyar jini akwai wata shimfiɗa mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak, likitoci na ce mata endoteliyom. Ita ke sa cikin ya yi santsi, jini ya wuce bai daskare ba, ita ce kuma ke fitar da sinadarin da ke sa jijiya ta saki. A 1980 wani masanin kimiyya, Robert Furchgott na Amurka, ya lura cewa jijiyar zomo takan daina saki da zarar an goge cikinta. To ka duba jijiyar da aka yanko, aka ja, aka ɗura mata ruwa don a ga ko tana yoyo, aka kai ta inda jini ke bugu da ƙarfin da ba ta saba ba. Komai gwanintar likita, da wuya shimfiɗar ba ta ƙuje ba. Inda ta ƙuje nan jini ke fara kamawa, a hankali bango ya yi kauri, kitse ya taru.

Idan ba a riga an yi aikin ba, tambayi likita wace jijiya zai ɗauko. Ta cikin ƙirji ta fi ƙarko: bayan shekara 10, sama da 90 cikin 100 na nan a buɗe, ta ƙafa kuwa kusan rabi sun toshe. Sau da yawa haɗa su ake yi, haka aka yi wa Baba.

Bayan sallama, babban yaƙi shi ne asfirin. Wata uku da dawowa Baba ya ture min hannu, ya ce, "Wanga magani ya isa hakanan, ni dai na warke." Na ce, "Baba, fata ce ta warke, cikin jijiyar da saura." Asfirin ne ke hana jini kamawa a wurin ƙujewar, kuma yawanci shansa har ƙarshen rai ne. Na haɗa masa shi da karin kumallo, ina ajiye ƙwayar a kan murfin kwanon kokonsa, ba na ɗauke kwanon sai na ga ya haɗiye. Maganin rage kitsen jini, sitatin, shi ma haka, ko da gwaji ya yi kyau. Kar a saya masa ibuprofen ko diclofenac a kemis don ciwon gwiwa, haɗa su da asfirin na jawo zubar jini a ciki. Ka ga bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko ciwon ƙirji ya dawo, asibiti a ranar.

Hayaƙin taba na lalata wannan shimfiɗar, har na wanda ke zaune kusa. Wani abokin kasuwancinsa sai da na roƙe shi ya riƙa kashe sigari tun daga bakin zaure. Ya ji haushi, ya kwana biyu bai zo ba, ya dawo.

Ina auna masa hawan jini duk safiya in rubuta a littafi, suga kuma yadda likita ya tsara. Gishiri da dunƙule mun rage, man shanu ya bar tuwonsa.

Zafin Sakkwato a Maris da Afrilu na wuce digiri 40, jiki ya bushe, jini ya yi kauri. Tattakinsa bayan Asuba ne, daga ƙofar gida zuwa bakin titi ya dawo, da gorar ruwa a hannuna. Yawan ruwan da zai sha da maganar azumi, likitan zuciya muka bar wa, don wasu ana taƙaita musu ruwa.

Ƙashin ƙirji na ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, a tsawon nan ko buta cike ni ke ɗaukar masa. Ƙafar da aka ciro jijiyar har yanzu takan kumbura da yamma. Sai in ɗora ta kan matashi biyu, da safe in sa masa safar roba kafin ya sauko daga gado.