Yadda ake zama marubucin ƙagaggun labarai na Kirista a Damagaram

Kafin komai, kada ka bar aikin da ke ciyar da kai. In kai mushe ne, wato malami, a lakwal, ko kina aikin jinya, ko kana da teburin ɗinki kusa da kasuwar Dole, riƙe shi da kyau. Kiristoci ƴan ƙalilan ne a Nijar, masu sayen littafi a cikinsu kuwa sun fi ƙaranci. Littafin farko ba zai biya kuɗin haya ba, da wuya ma na uku ya biya. Wanda ya san haka tun farko shi ne ke daɗewa a sana'ar.

Mataki na gaba shi ne ya fi kayar da mutane, don haka zan daɗe a kansa. Sai ka raba tsakanin labari da wa'azi. Yawancin masu farawa suna ɗauko darasin da suke son koyarwa, sannan su ɗinka masa mutane. Sai ka ga yarinyar labarin ba ta taɓa yin ƙarya ba, mugun kuwa ba ya ko yi wa mahaifiyarsa barka da asuba, kuma a babin ƙarshe kowa ya durƙusa ya tuba. Mai karatu yana gano inda aka dosa tun shafi na uku, ya ajiye. Duba yadda annabi Natan ya yi da sarki Dawuda a 2 Sama'ila sura 12. Bai fara da tsawatawa ba. Labarin mai arziki da ya ƙwace ƴar tunkiyar matalauci ya ba shi, har sarkin ya fusata ya yanke hukunci da bakinsa, sannan aka nuna masa kansa ya hukunta. Haka misalin ɗan da ya ɓata a Luka 15: labarin ya tsaya babban wa yana waje cikin fushi, ba a faɗa mana ko ya shiga gidan ba. In nassi da kansa ya bar wa mai sauraro wannan sarari, kai ma ka bari.

To yaya ake yi a aikace? Ɗauki mutum guda, ka ba shi abin da yake so ƙwarai, sannan ka sa bangaskiyarsa ta tare masa hanya. Misali ma'ajin ikkilisiya da ɗansa ke kwance a asibiti, kuɗin baiko na hannunsa, babu mai ƙirgawa sai ƙarshen wata. Ko matar da ta yi shekara tara ba haihuwa, dangin miji na matsa masa ya ƙara aure, shi kuma dattijo ne a majami'a. Rubuta shafi biyu a kan mutumin nan kafin ka fara babi na ɗaya: unguwarsu, abin da yake ci da safe, wanda yake bi bashi, abin da yake jin kunyarsa. Addu'arsa ma kada ta fito kamar ta fasto a bagade. Mutumin da ke cikin wahala gajeriyar addu'a yake yi, wani lokaci ma da gunaguni.

Kayan labarin kuwa suna nan ƙofar gida. Ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun fara aikinsu na Nijar a Zinder, wato Damagaram, a 1924, lokacin garin ne babban birnin ƙasar, kafin a mai da shi Yamai a 1926. Ke nan akwai iyalan da suka yi zuriya uku ko huɗu cikin bangaskiya, kuma kusan kowannensu yana da kawu ko gwaggo Musulmi da ake haɗuwa da su wajen suna da biki da zaman makoki. Je ka zauna da tsofaffin ikkilisiya da kaye da bik a hannu. Ka ce, "Baba, yaya aka yi kakanmu ya shiga wannan hanya?" sannan ka yi shiru. Abin da za ka ji a yini ɗaya ya fi abin da za ka ƙago a wata. Sai dai ka canza suna da unguwa da sana'a, don Damagaram gari ne da kowa ya san kowa, daga Birni har Zango. Ka kuma bar garin ya shigo cikin labarin: layin jarkoki a bakin famfo lokacin zafi, ɗan garuwa, ɗan kabu-kabu, duwatsun da ke tsaye tsakanin gidaje.

A nan akwai abin da ba na sassautawa a kai. Maƙwabcinka Musulmi zai karanta littafin, ko ƴarsa ta karanta a wayar ƙawarta. Kada ka mai da shi dodon labari. In za ka taɓa abin da ya faru a Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a garin nan, taɓa shi ta idon mutum guda da abin da ya rasa, ba ta hanyar tuhumar al'umma gaba ɗaya ba. Musulmin da ke cikin labarinka ya zama cikakken mutum mai hujjarsa da kirkinsa da kuskurensa, kamar yadda Kiristan yake. Wannan ba tsoro ba ne, gaskiya ce, kuma labarin ya fi daɗi a haka.

Sai harshe. Wasu za su ce ka rubuta da Faransanci don a ɗauke ka da daraja. Ni dai Hausa nake ba da shawara. A 2025 an ayyana ta harshen ƙasa a Nijar, kuma masu karanta ta a Kano da Kaduna da Jos sun ninka namu nesa ba kusa ba. Sa allon rubutu na Hausa a wayarka don ka samu ƙ da ɗ da ɓ. A Nijar ana rubuta ƴ, a Najeriya 'y. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai har ƙarshe. Bayanin marubuci ya bi daidaitacciyar Hausa, amma zancen mutane ka bar shi yadda ake yinsa a nan, da lakwal da jikka da sauransu, mai karatu na ƙetare zai gane daga yanayin maganar. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aka sake fassara shi daga baya, kuma kalmominsu sun bambanta a wurare da yawa. In za ka kawo aya, duba wanda ikkilisiyarku ke karantawa, ka kwafa daga shafi, kada ka dogara da hadda.

Lokacin rubutu ba shi da wani sirri. Sa'a guda da asuba kafin gida ya tashi, ko bayan yara sun kwanta. Fara a kaye, don wuta na iya ɗaukewa, sannan ka buga a waya ka tura wa kanka ta imel kowane mako. Babi guda a mako ya isa.

Da ka gama, kada ka fara kai wa fasto. Ba wa wata uwa daga zumuntar mata, da wani matashi da ba ya jin nauyinka, da aboki Musulmi da zai faɗa maka gaskiya. Tambaya ɗaya za ka yi musu: a wane shafi kuka gaji? Gyara wurin. Bayan haka ne za ka kai wa fasto, ka roƙe shi ya duba ko akwai inda ka karkata koyarwa. Zai yiwu ya ce ka cire wurin da jarumin ya yi shakkar Allah. Saurare shi da ladabi, amma ka tuna Zabura cike take da irin wannan kuka.

Batun fitarwa, bi hanyar da marubutan Hausa suka riga suka share. Buɗe zauren WhatsApp, ka saki babi biyar ko shida kyauta, sauran a biya kafin a shiga zaure na biyu. Farashin ya zama wanda ɗaliba za ta iya, kamar dala ɗari, a turo ta Nita ko Amana ko Airtel Money. Za a yi ta tura shi kyauta daga waya zuwa waya, wannan ba makawa, don haka sa sunanka a kan kowane babi, ka kuma yi rajistar aikin a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA. Da yawa daga cikin iyayenmu mata ba sa karatun boko amma suna sauraro, saboda haka ɗauki muryarka kana karanta kowane babi a ɗaki marar hayaniya. Sau da yawa muryar kan yi nisa fiye da rubutun.

Takarda sai ta zo daga baya, in ka ga mutane na tambaya. Nemi farashi a maɗaba'ar gari, ka kwatanta da na Kano inda aka daɗe ana buga littattafan Hausa, ka haɗa da kuɗin mota da canjin naira. Buga kaɗan. Wurin sayarwa shi ne ƙofar majami'a bayan sujada, da izinin dattawa, da manyan tarukan mata da na matasa, sannan ka aika da ƴan kwafi Maraɗi da Galmi da Yamai ta hannun wanda ka amince da shi. Rubuta kowane kwafi da ya fita da sunan wanda ya karɓa, domin "zan kawo ran Lahadi" ya cinye jarin marubuta da yawa. Kuɗin da ya shigo kada ya shiga cefane: ware shi don bugu na biyu, kuma ka fara littafi na gaba tun na farkon yana maɗaba'a.