Matakan Haɗa Siririyar Shimfiɗar SnO₂ (Sinadarin Kuza da Oksijin) Mai Ƙananan Ramuka

Da farko, a narkar da SnCl₄ (sinadarin kuza da kulorin) cikin itanol a ƙarƙashin na'urar zuƙe hayaƙi, sannan a zuba Pluronic F127 (sinadarin da ke barin ramukan idan ya ƙone wajen gashi) da ruwa kaɗan, a yi ta juyawa har ya koma garai. A tsoma gilashin da aka wanke tsaf cikin wannan haɗin, a zaro shi a hankali, a bar shi ya kwana a wuri mai danshi. Daga nan a gasa shi zuwa digiri 400 na ma'aunin Celsius, amma a riƙa ƙara zafin kaɗan-kaɗan, domin gaggawa a nan ita ke rushe ramukan. Gwajin XRD (binciken tsarin abu da hasken X-ray) zai nuna tsarin kasitarait, wato ainihin ma'adinin kuzar Jos, madubin ilektron kuma zai tabbatar ko faɗin ramukan yana tsakanin nanomita 2 da 50.