Yadda ake manna gilashi da silikon ya kama da kyau

Yaran da ke zuwa koyon aiki wurina a Ringim duk kuskurensu ɗaya ne: suna ɗaukar silikon kamar gam ɗin takalmi. Shi silikon danshin iska yake sha ya daskare, kuma da fatar gilashin kanta yake haɗewa, domin asalinsu ɗaya, dukkansu daga yashi aka samo su. Ko maiƙon yatsa ne ya shiga tsakaninsu, haɗin ya tashi aiki.

Fara da zaɓe. Akwai mai warin tsami mai hawa hanci, wannan shi ne na gilashi da gilashi, kuma ya fi araha a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Amma tsamin nan yana cin bayan madubi, yana sa ƙarfe tsatsa, don haka idan madubi ne ko firam, sayi marar tsamin. Ni ba na karɓar wanda kwanan watansa ya wuce ko kyauta ne.

Yanzu ga inda ake faɗuwa, wato gogewa. Na taɓa haɗa wa wani mai biredi akwatin gilashi, sipirit ya ƙare mini, na ce bari in goge da kalanzir. Gilashi ya yi ƙal, har ina yabon kaina. Sati biyu ba a yi ba ya dawo, ya kama bakin silikon ɗin da farce ya ja, ya taho duka kamar ɓawon ayaba. Kalanzir yana barin maiƙo, sabulu ma yana barin nasa. Sipirit na kemis za ka nema da tsumma biyu masu tsabta: ɗaya ka jiƙa ka goge ta gefe guda, ɗayan ka bi shi a bushe nan take. Daga nan kada ka sake taɓa bakin gilashin. Idan gyara ne, kankare tsohon silikon da reza sai ya fita tas, domin sabo ba ya kama tsoho da kyau. Lokacin hunturu kuwa rufe ƙofar shago, ƙurar nan kafin ka juya ta sauka.

Yanke bakin robar silikon ɗin a karkace, matsa a jere ba tsayawa, ka bar ɗan tsakani kamar kaurin tsinken ashana, kada gilashi ya gogi gilashi. Lailaye shi cikin minti 5 zuwa 10, kafin ya yi fata. Ɗaure kusurwoyin da salatif.

Sai haƙuri. Wajen milimita 2 zuwa 3 yake daskarewa a awa 24, a bushewar hunturu ma ya fi haka jinkiri, shi ya sa nake yayyafa ruwa a ƙasan shagon. Akwatin biredi kwana 2 ya isa. Na kifi sai kwana 7 kafin a zuba ruwa, kuma ka duba jikin robar, mai maganin fumfuna yana kashe kifi.