Daga Kaduna zuwa tuddan rairayin Yusufari: yadda ake shirin tafiyar ganin hamada

Mutumin Kaduna da idonsa ya saba da jar ƙasa da duwatsun Kajuru yakan ɗauka sai ya tsallaka Nijar kafin ya ga tudun rairayi. A cikin Najeriya ma akwai. A arewacin jihar Yobe, cikin ƙaramar hukumar Yusufari da ke kan iyaka da Nijar, nan Tulo-Tulowa da Bulatura suke, inda tuddan rairayi suka yi wa kwaruruka masu goriba da dabino ƙawanya, ruwa kuma yana kusa da bayan ƙasa. Bulatura ɗaya ne daga sassa uku na Gandun Dajin Tafkin Chadi da aka kafa a 1991. Wurin yana da kyan da ya cancanci wahalar hanya, amma wanda ya je ba shiri ba ya ganin kyan, domin yininsa kan ƙare a tonon taya da lissafin ruwa.

Kafin komai, maganar tsaro. Yusufari na maƙwabtaka da Yunusari, Geidam ma ba nisa, kuma waɗannan wurare sun sha fama da hare-hare. Labarin bara ba ya amfani a bana. A nemi mutumin da ke zaune a Gashuwa ko Yusufari a tambaye shi halin da ake ciki a makon tafiyar, a sanar da jami'an gandun da ofishin 'yan sanda na yankin, in suka ce a dakata to a dakata. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ba a tafiyar dare ko kaɗan, har a kan kwalta.

Lokacin zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, rairayi ya yi zafin da zai sale tafin ƙafa. Matsalar hunturu ɗaya ce, hazo. Ranar da ya sauko sosai, tudun da ke gabanka ma da ƙyar za ka gan shi, rana ta fito fari fat kamar faranti, ba inuwa ba launi. Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ya fi sauƙin hazo a yawancin shekaru, kuma ya kamata a bar rarar kwana ɗaya a cikin lissafi don jiran gari ya washe. Sai a duba kwanan watan Musulunci, abin da mutane da yawa ke mantawa. Mai son taurari ya sa kwanansa a rairayi ya faɗa tsakanin 27 ga wata da 3 ga sabon wata, lokacin duhu. Mai son ganin tuddai a farin wata ya nufi 13 zuwa 15. Ba a samun biyun a tafiya guda.

Hanya: Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, kimanin kilomita 230, daga nan Haɗeja, Nguru, Gashuwa. Gaba ɗaya ya haura kilomita 500. A tashi bayan sallar asuba, a kwana Nguru ko Gashuwa, washegari a shiga Yusufari da hantsi. Gashuwa ce wurin cika tanki da jarkoki na ƙarshe da za a dogara da shi.

Mota da abin da ke cikinta

Ƙaramar mota iyakarta garin Yusufari. Bayan nan sai mai jan ƙafa huɗu, irin Hilux ko Land Cruiser, kuma biyu, ba ɗaya ba, domin wadda ta kafe 'yar uwarta ce ke fizgo ta. Wanda ba shi da irin wannan mota ya hau ta haya daga tashar Kawo, ya ɗauki shatar direban yankin a can. Sau da yawa hakan ya fi, don direban da ya tashi a rairayi ya fi baƙo mai sabuwar mota.

Tun a Kaduna bakanike ya duba lagireto da tiyo-tiyonsa, da fanbel, da kuloci, ya sa sabuwar matatar iska, a riƙe wata a ajiye. A tabbata giyar ƙafa huɗu tana shiga, domin motar da ta shekara a kwaltar gari takan ƙi shiga ranar da ake nema. Kayan da ba a bari: safaya biyu, gejin auna iska, injin hura taya mai aiki da batir, shebur biyu, igiyar jan mota mai ƙarfi, jek da guntun katako mai kauri da za a ɗora shi a kai don kada ya nutse, da faranta biyu na ƙarfe masu gargada, tsawon kowanne kamar mita ɗaya, waɗanda ake turawa ƙarƙashin taya. Masu walda a Panteka za su haɗa su in aka kwatanta musu.

Mai kuwa, rairayi na shan sa. Motar da ke cin lita 11 ko 12 a kilomita 100 a kan kwalta tana iya kusan ninkawa a cikin rairayi mai laushi. A raba man kashi uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fitowa, ɗaya ba a taɓa shi.

Da zarar kwalta ta ƙare a tsaya a rage iskar tayoyi. Daga 32 ko 35 a kan geji a sauke zuwa 18. Dalili shi ne tayar da aka sassauta takan baje, ta kwanta a bisa rairayi maimakon ta yanka shi. Amma tana da sharuɗɗa: kada gudu ya wuce kilomita 40 a awa, kada a murza sitiyari da ƙarfi, in ba haka ba taya ta zame daga bakin rim. Gefen tayar kuma ya zama abin cin ƙaya, saboda haka a kauce wa gindin aduwa da sauran itatuwan ƙaya.

Rairayi ya fi tauri da sanyin safiya, ya fi laushi daga azahar. A yi tafiyar mota daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 11, a yada zango a inuwa, a ci gaba bayan la'asar. A riƙe totur daidai, ba dannawa ba saki, kuma kada a canza giya a tsakiyar wuri mai laushi, domin ɗan lokacin da aka taka kuloci ya isa mota ta zauna. In za a tsaya a bar ta ta tsaya da kanta, birki na tara rairayi a gaban taya.

Tudu yana da fuska biyu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, sai gefen da take duka ya zama mai sauƙin hawa kuma mai ɗan tauri, ɗaya gefen ya yanke ya gangara da tsini, kusan digiri 30 ko fi, rairayinsa sako-sako. Daga ƙasa ba a ganin wannan yankewar. Kada direba ya haye ƙoli sai wani ya hau da ƙafa ya leƙa. Kada kuma a ratsa jikin tudu a kaikaice, nan mota ke kifewa. A hau a miƙe, a sauka a miƙe, da ƙaramar giya. Mafi alheri ma a ajiye motoci a ƙasa a hau da ƙafa, don sawun taya na ɓata fuskar tudun da aka zo gani.

In mota ta kafe, kuskuren farko shi ne ƙara wuta. Kowane juyin taya rami yake tonawa, har cikin mota ya zauna a ƙasa, aikin minti 10 ya koma na awa biyu. A ɗage ƙafa nan take. Kowa ya sauka, a rage iska zuwa 12 ko 14, a kwashe rairayi a gaban tayoyi huɗun da ƙarƙashin mota, a miƙe sitiyari, a tura faranta, a ja a hankali. Komawa da baya a kan sawun da aka shigo ya fi sauƙi sau da yawa. Lokacin fizga da igiya kowa ya ja da baya nesa, igiyar da ta tsinke tana karya ƙashi.

Ruwa da jiki

A lissafa lita 6 ga kowane mutum a kowace rana ko da sanyi ne, saboda busasshiyar iska na shanye gumi kafin a ji shi. Mutum huɗu, kwana biyu, lita 48 ke nan. A ƙara na kwana ɗaya don ko-ta-kwana, 24. A ƙara 25 na girki da lagireto. Jarka huɗu masu lita 25, a raba su tsakanin motocin biyu, a ɗaure su tam. Ruwan rijiyoyin kwari yakan zo da ɗanɗanon kanwa, cikin baƙo kuma bai saba ba, sai a tafasa shi in an matsu. Ga alwala, Allah ya sauƙaƙa: taimama ta halatta in ruwa ya yi ƙaranci, ga kuma ƙasa mai tsarki iya ganin ido.

Launin fitsari ne ma'auni. In ya yi duhu a ƙara sha. Ciwon kai, jiri da murɗar ƙafa alamun farko ne. A kai mutum inuwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. In ya fara sambatu ko jikinsa ya yi zafi rau, a jiƙa tufafinsa, a yi masa fifita, a nufi asibiti ba jira.

Guzurin da ba ya lalacewa: dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, kilishi kaɗan don yana jawo ƙishi, da kayan shayi. Tufafi masu faɗi da dogon hannu, rawani ko mayafi da zai rufe hanci, man shafawa don leɓe da diddige. Dare kuma wani abu ne daban. A Disamba da Janairu sanyin asuba a fili yana shiga ƙashi, saboda rairayi ba ya riƙe zafin rana. Rigar sanyi mai nauyi daga Kasuwar Barci, bargo, hular sanyi da safa, kowa da nasa. Takalmi rufaffe saboda ƙarangiya, wadda in ta kama bakin wando sai an zauna an cire ɗaya bayan ɗaya. A kakkaɓe takalmi da shimfiɗa kowace safiya saboda kunama, kada a sa hannu a gindin kaba ba a duba ba. In maciji ya sari mutum ba a ɗaurewa, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A hana gaɓar motsi a kai shi asibiti, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru. A hana yara karya tumfafiya, nononta na cutar da ido.

Jagora daga cikin mutanen wurin wajibi ne. Tuddai kama suke da juna, iska na share sawu cikin awa guda, sabis ɗin waya kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Da isa ƙauye a fara da gidan Bulama ko Lawan, wato mai gari, a yi sallama, a gaida shi da "ranka ya daɗe", a faɗi abin da ya kawo ku, a miƙa ɗan sukari da ganyen shayi. Mangawa ne da Fulani galibin mazauna, kuma ana jin Hausa. A yanke kuɗin jagora tun kafin a tashi. Dabino da goribar da ke kwari duk da masu su, haka ma wuraren da ake ɗibar kanwa. A nemi izini kafin ɗaukar hoton mutum, mata musamman, a shingen jami'an tsaro kuwa waya ta zauna a aljihu.

Yadda ake kallo

Tsakar rana hamada ba ta nuna kanta. Komai ya yi fari, sai kawalwalniya a nesa kamar tafki. Kyanta na awa ɗaya ne bayan fitowar rana da awa ɗaya kafin faɗuwarta. A Disamba rana na fitowa wajen 6:30, tana faɗuwa gab da 6:00. A idar da sallar asuba a fara hawa da sauran duhu, ta gefen mai sauƙi, a bi ƙoli, a zauna yadda rana za ta bugo daga gefe. A wannan lokaci ne kowace ƙaramar tattara da iska ta yi a kan rairayi ke samun inuwarta, ƙolin tudu ya zama layi ɗaya siriri, gefe ja kamar garwashi, gefe shuɗi-shuɗi da sanyi, can ƙasa kuma kawunan goriba kore shar da hayaƙin girkin safe yana ratsa su.

Sai a sunkuya. Rairayin safiya ya rubuta duk abin da ya wuce da dare: sawun buzuzu kamar ɗinkin keke, layi biyu na ɗigo a jere, sawun ƙadangare da jan wutsiya a tsakiya, tafin raƙumi mai faɗi kamar an kifa ƙwarya. Jagora zai gaya maka wanne ne na jiya, wanne ne na ɗazu, ta yadda bakin sawun ya zube. Kafin hantsi iska ta tashi ta shafe. In an zauna a bakin gefen mai tsini aka tura rairayi da diddige, za a ga ya sulale ƙasa kamar ruwa yana ɗan shuu, kuma ta haka ne tudu ke tafiya, yana cin gonaki da rijiyoyi. Mutanen wurin suna da abin faɗa a kan wannan, a saurare su.

Da dare a kashe fitilu duka, har hasken waya, a ba ido minti 20 ya saba. Taurarin Kaza da 'ya'yanta na fitowa gabas tun bayan magariba a Nuwamba da Disamba. Wanda ya dace da daren 13 ko 14 ga Disamba cikin duhun wata zai ga taurari masu wutsiya suna zubowa a kai a kai, ruwan taurari ne da ke dawowa kowace shekara a waɗannan kwanaki. Waya da kyamara a riƙa mayar da su cikin leda mai zuge, ƙurar wurin na shiga ko'ina.

In da sauran kwana, Dagona da ke dausayin Bade da Nguru tana kan hanyar dawowa, inda tsuntsayen ruwa masu ƙaura daga Turai ke sauka a wannan lokaci. Kafin barin rairayi a tattara leda da gwangwani a fito da su, a binne toka, kada a sare itace ɗanye don wutar shayi, a zo da ƙaramar tukunyar gas ko gawayi daga gida. Da isa bakin kwalta a fitar da giyar ƙafa huɗu, a mayar da iskar tayoyi yadda take kafin a ɗauki gudu, domin tayar da ke kan 18 tana zafi ta fashe a kan kwalta. A cire matatar iska a kakkaɓe ta, in ta toshe a sa sabuwar.