Yadda na shawo kan irin attarugun da ya ƙi tsirowa

Cikin watan Disamba na zuba irin attarugu a fangali, a garkarmu da ke hanyar Mirriya, kusa da Damagaram. Kwana 20 shiru, ko ɗigo bai leƙo ba. Har na fara zargin mai irin a raina, ashe laifin hunturu ne.

Wani ƙanena mai ƙyanƙyasar kaji ya ara mini ma'aunin zafi. Da asuba na soka shi a ƙasa, sai ga digiri 15. Shi kuwa attarugu sai ƙasa ta kai 25 zuwa 30 yake motsawa. Ni kuma kullum da yamma ina kwarara masa ruwan randa mai sanyi, ina ƙara masa ciwo.

Sai na sake zuba wani a tsohuwar roba da na huda gindinta, rairayi haɗe da ruɓaɓɓen taki, zurfin bai kai gaɓar yatsa ba. Na rufe bakin da farar leda. Da hantsi in ajiye ta jikin katanga inda rana ke bugawa, kafin magariba in shigar da ita ɗaki in lulluɓe da buhu. Ban ruwa kuma sai da ɗumin rijiya, sabon ja.

Kuskure ɗaya na yi: ran nan na bar ledar har azahar, ma'auni ya haura 40, gefe guda ya dahu. Tun daga nan ƙarfe 11 nake ɗage ta.

Kwana 12 suka fara fasa ƙasa, na cire ledar gaba ɗaya.